Fastar Jadawalin Sau da Katunan Lissafi: Me Suke Ba Yaro, Me Suka Bar wa Malam

Duk wanda ya leƙa shagunan littattafai na babbar kasuwar Birnin Kebbi a makon komawa makaranta, ko ya bi ta wurin masu kayan karatu a Jega ko Argungu, ya san ta. Tana rataye a bakin ƙofa tare da ta haruffa da ta sunayen dabbobi. Fasta ce mai sheƙi da aka lulluɓe da leda, an kasa ta gida goma sha biyu, kowane gida da launinsa, daga 1 × 1 har 12 × 12. Kusa da ita akwai ƙaramin kwali na katuna, tambaya a fuska, amsa a baya. Da wuya ka bambanta ta wannan shago da ta wancan, saboda haka wannan sharhi ya shafi irinsu ne baki ɗaya.

Ra'ayinmu a kansu shi ne sun cancanci kuɗinsu, kuma gidan da ke da ɗan firamare bai kamata ya rasa fastar ba. Sai dai a san abin da aka saya. Fastar tana ɗauke da amsa 144, amma babu kalmar Hausa ko ɗaya a jikinta, kuma a kalma ne yaranmu suke faɗuwa. Ɗan aji huɗu zai rera gidan shida daga farko har ƙarshe ba gargada. Ka ce masa, "Inna ta raba ƙosai 24 ga yara 6, nawa kowa ya samu?" sai ya kama ƙirgen yatsu, domin babu wanda ya taɓa nuna masa cewa wannan tambayar ita ce 24 ÷ 6, kuma amsarta tana zaune a gidan da ya gama rerawa yanzun nan.

Bari mu fara da jikinta. Wadda aka fi gani ba ta wuce girman takardar A2 ba, wato santimita 42 a faɗi, kusan 60 a tsawo. Idan aka kasa wannan fili gida 12, kowane gida aka cusa masa layi 12 da kanunsa, layi ɗaya ba zai samu fiye da santimita ɗaya da rabi ba, lambar kanta kuwa ba ta kai haka ba. A ɗaki, inda yaro zai tsaya gabanta ya ɗora yatsa, wannan ya wadatar. A aji mai yara sittin, na bencin baya launi kawai suke hangowa. Ledar tana da amfani, don tsumma mai laima yana share ƙurar hunturu, gara kuma ba ta saurin cin ta a bangon ƙasa. Aibinta walƙiya: idan aka rataye ta tana kallon taga, rabin aji ba sa ganin komai sai haske. Rana tana cin ja da rawaya kafin sauran launuka. Salatif kuma ba ya riƙe ta a zafin Maris da Afrilu. Abin da ke riƙe ta shi ne ƙusa huɗu, kowace a huda murfin kwalba da ita kafin a buga, don kada kan ƙusar ya yaga ledar.

Ƙanƙantar rubutun tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. Alamar × idan ta yi ƙanƙanta, yaro yana karanta ta a matsayin +, shi ya sa za ka ga 3 × 4 = 7 a littattafai da yawa. Alamar ÷ a katuna, da zarar ɗigon sama da na ƙasa sun goge, ta koma alamar ɗebewa. Kuma kada a manta, kafin yaro ya haɗu da × a darasin lissafi ya riga ya san ta da jan biro a gefen amsar da bai ci ba. Ya kamata malam ya faɗa masa ƙarara cewa wannan wata ce daban. Alamomin nan biyu ma ba su kai shekara ɗari huɗu ba: × ta fito a littafin William Oughtred na Ingila a 1631, ÷ kuma a na Johann Rahn na Suwizalan a 1659. Mutane sun yi dubban shekaru suna lissafin kasuwa da gado da baki kafin alamar ta zo, kuma haka ya kamata a bi da yaro.

Kalmar farko ita ce "sau", kuma yaro ya zo makaranta da ita. Ya san ana cin abinci sau uku, ana salla sau biyar. Ya san mai kurar ruwa ya yi sawu uku zuwa gidansu, kowane sawu jarka goma. Daga nan ne hanya mafi sauƙi: jarka goma, sawu uku, goma sau uku, talatin. To a lura da yadda Hausa ta jera maganar. Abin da ake maimaitawa shi ke fara zuwa, yawan maimaitawar ya biyo baya. "Uku sau huɗu" na nufin uku, uku, uku, uku. Turanci ya juya wannan jeri, a wurinsa 3 × 4 kashi uku ne, kowane da huɗu. Katunan da ke da hoto bisa Turanci aka zana su, za ka ga kwando uku, kowane da lemo huɗu, a ƙarƙashin 3 × 4. Malam ya karanta "uku sau huɗu", yarinya ta kasa tsakuwa uku-uku har kashi huɗu, ta ɗaga kai ta ga hoton bai yi kama da nata ba. Idan malam bai san daga inda saɓanin ya fito ba, sai ya ce ta yi kuskure, alhali ita ce ta bi maganarsa daidai. Daga ranar ta daina yarda da kunnenta, ta koma hadda.

Maganin wannan yana wurin mai shayi, wato kiret ɗin ƙwai na kwali wanda ya gama amfani. Gurbi 30 ne a cikinsa, layi 5 kowane da gurbi 6. A ajiye shi gaban yara a tambaye su layi nawa, kowane layi gurbi nawa. Shida sau biyar. A juya shi gefe, kada a ƙara komai, kada a rage. Yanzu biyar sau shida. Talatin ɗin ba ta motsa ba. Yaron da ya juya kiret da hannunsa ba zai sake damuwa da wace lamba ce ta fara zuwa ba, kuma hoton katin da kashin tsakuwarsa duk sun zama daidai. Inda babu kiret, gidan dara da ake tonawa a ƙasa shi ma 5 ne da 6, kuma a ƙasar Zuru da ƙauyuka da yawa yara sun girma suna kallon manya a kansa. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, mutum biyu 24, gurbi 6 ya rage. Ga ninkawa, ga saura, ba a kashe ko sisi ba.

Kalma ta biyu ta fi haɗari, ita ce "ninka". A gida, ninkawa naɗe zane ne ko takarda gida biyu, a kasuwa kuma idan an ce kuɗin abu ya ninka, biyunsa ake nufi. Saboda haka idan malam ya ce "ninka biyar sau uku", yaro mai kaifin tunani yana iya cewa arba'in: biyar ta zama goma, goma ta zama ashirin, ashirin ta zama arba'in. A ba shi takarda ya ninka sau uku ya buɗe, zai ƙirga gida takwas, ba shida ba. Bai yi shirme ba, Hausar ce ta ba shi dama. Shawararmu a bar "ninkawa" ta zama sunan darasin a saman allo, amma a bakin malam kalmar aiki ta zama "sau". "Ninka" a ajiye ta inda ta dace da gaske, wato gidan biyu, gidan huɗu da gidan takwas. Bakwai sau huɗu: ninka bakwai, 14, sake ninkawa, 28. Bakwai sau takwas: ƙara ninkawa, 56. Yaron da ya manta 7 × 8 a ɗakin jarrabawa zai iya tono ta ta wannan hanya, fastar kuwa ba ta koya masa haka.

Akwai ƙaramar matsala a "tara". A rubuce, tara ta lamba da tara ta haɗa abu wuri ɗaya babu bambanci. Ranar gidan tara a yi amfani da "haɗa". Yaron da ya ce "biyat" ko "shidda" kada a tsaya gyara masa baki a tsakiyar lissafi, yadda ake faɗa a gidansu ke nan kuma lambar ba ta canza ba. Haka idan ya ce 4 × 7 "talatin ba biyu" ne, yadda ya ji kakansa na ƙirga, ya ci, sai a sa shi ya rubuta 28.

Rabawa ita ce inda fastar ta yi shiru gaba ɗaya, kuma a nan ne Hausa ta fi ba malam kayan aiki. Rubutu ɗaya, 12 ÷ 3, tambaya biyu ce daban. Ta farko: alawa 12, yara 3, nawa kowa zai samu? Wannan raba wa mutane ne. An san yawan masu karɓa, ana neman rabon kowa. Yaro zai riƙa ajiyewa ɗai-ɗai, naka, naki, nawa, har ta ƙare, amsa kuma "hurhuɗu". Ta biyu: albasa 12, mai talla tana kasa ta uku-uku, kashi nawa za ta samu? Wannan kasawa ce. An san girman kashi, ana neman yawan kashin. Hannun yaro a nan wani aiki yake yi daban, yana ɗibar uku a tare yana ajiyewa, amsa kuma "kashi huɗu". Duk yaron da ya taɓa tsayawa gaban mai kasa albasa ko tumatir ya san wannan. "Raba sha biyu gida uku" da "kasa sha biyu uku-uku", a cikin jimla biyu Hausa ta bambanta abin da alamar ÷ ta haɗe.

Abin da ke faruwa a yawancin azuzuwa shi ne a koyar da ta farko kawai. Illar ba ta bayyana sai lambobi sun girma. Ba wanda zai raba 84 ga mutum 12 ɗai-ɗai a takarda. Tambayar da ke fitar da yaro ita ce ta kasawa: sha biyu nawa ne a cikin tamanin da huɗu? Doguwar rabawa kacokan a kan wannan tambaya aka gina ta. Wanda bai saba da ita ba tun da tsakuwa a aji uku, zai isa aji biyar yana kwafar matakai daga allo bai san me ake nema ba. Saboda haka kowane lissafin rabawa a yi shi da labari biyu, ɗaya na rabawa, ɗaya na kasawa, kuma kalmomin bibbiyu, uku-uku, hurhuɗu, biyar-biyar su zauna a bakin yara.

A ninkawa an ce wa yaro juyawa ba ta canza amsa. A rabawa tana canzawa, kuma dole a faɗa masa. Gurasa 12 ga mutum 3 kowa ya ƙoshi, gurasa 3 ga mutum 12 sai an gutsura. Abin da ke ƙara rikita shi, a 12 ÷ 3 abin rabawa ne a hagu, amma a zanen doguwar rabawa 3 ce a hagu, 12 tana cikin ɗaki. Ga yaran da suka fara da allo ko Islamiyya, waɗanda idonsu ya saba farawa daga dama, a tsaya a nan a ɗora yatsa a kan lambar da ake rabawa kafin a karanta. Su ne kuma suka san lambobin Larabci na shafukan Alƙur'ani, inda biyar take kama da sifilin boko, shida take kama da bakwai, sifili kuwa ɗigo ne kawai. Minti biyar na jera lambobin biyu a allo, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, yana kawar da kurakurai da yawa da ake ɗora wa rashin ƙoƙari.

Sai "saura". Jadawalin sau ba ya da saura, duk abin da ke cikinsa yana rabuwa cif. Katunan rabawa ma haka aka zaɓo su. Yaro sai ya ɗauka idan abu bai rabu daidai ba to shi ne ya ɓata lissafin. A koya masa 17 ÷ 5 uku ne, saura biyu, tare da ƙa'ida guda: saura ba ya kai girman kashi. Idan ka kasa biyar-biyar ka ga shida ta rage, akwai sauran kashi ɗaya da ba ka fitar ba. Bayan haka a tambaye shi me za a yi da sauran. Buhun shinkafa 17 a fadama, amalanke tana ɗaukar 5, sawu nawa? Huɗu, don ba a barin buhu biyu a gona. Yadi 17, kowane ɗinki yana cin 5, ɗinki nawa? Uku, yadi biyun ba su isa na huɗu ba. Lissafi ɗaya, amsa biyu, labarin ne ya raba gardama. Wannan darasi shi kaɗai ya fi mako guda na rera jadawali amfani.

Muna gargaɗi sosai a kan wata dabara da ta yaɗu a darussan yamma, ta koya wa yaro cewa idan ya ga kalma kaza to ya yi aiki kaza: ya ga "raba" ya raba, ya ga "duka" ya haɗa. Ga tambaya: Malama ta raba wa yara 6 fensir hurhuɗu, fensir nawa ta raba? Kalmar "raba" ta fito sau biyu, aikin kuwa ninkawa ne, 24. "Kowane" ma tana zuwa a ɓangarorin biyu. Abin da ya fi shi ne tambayoyi uku da yaro zai yi wa kowane labari: kashi nawa ne, kowane kashi nawa ne a ciki, duka nawa ne? Biyu daga ciki an ba shi. Idan "duka" ce babu, sau ne. Idan ɗaya daga sauran biyun ce babu, rabawa ce.

Wani giɓin fastar shi ne sifili. Ta fara daga gidan ɗaya, don haka yaro bai taɓa faɗin "biyar sau sifili" da bakinsa ba. A tambaye shi sai ya ce biyar. A koma wa mai kura: jarka goma ce a kurarsa, yau bai yi sawu ko ɗaya ba, jarka nawa ta shigo gida? Babu. Rashin wannan ne ke fitowa daga baya a 612 ÷ 6, inda yara da yawa suke rubuta 12 maimakon 102, don da suka tambayi shida nawa ne a cikin ɗaya suka ga babu, sai suka wuce ba su rubuta komai ba. A ɗauki maka, wato alƙalami mai kaurin rubutu, a ƙara layin sifili a saman kowane gida.

Fastar ta kasu iri biyu. Akwai mai gida-gida da muka bayyana, akwai kuma mai murabba'i, wadda aka jera 1 zuwa 12 a sama da kuma gefen hagu, amsoshin suka cika tsakiya. Ta biyun ba a cika samun ta ba, amma idan ka gan ta ita za ka ɗauka. A takarda mai girma ɗaya kowane gurbinta ya kai santimita uku, lambobin sun fi fitowa. Kuma ita kaɗai ce ke aikin rabawa. Ana neman 42 ÷ 6: ɗora yatsa a 6 ta gefen hagu, ja shi a kwance har ka iske 42, haura sama, ga 7. Ana neman 45 ÷ 6: ja yatsa, 42 ba ta kai ba, 48 ta wuce, tsaya a 42, amsa 7 saura 3. Don aji, ɗaliban koyon aikin malanta, irin na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, za su iya zana babba a farin buhu da aka farke ko a bango da fenti. Idan an tsaya a gidan 10, da layin kanu gurbi 11 ne a kwance, 11 a tsaye, kowane santimita 8, duka santimita 88, na bencin baya ma zai karanta.

Mai murabba'in tana kuma nuna wa yaro cewa nauyin bai kai yadda yake tsoro ba. Daga 1 zuwa 10 amsa 100 ce. Tunda 6 × 7 da 7 × 6 abu ɗaya ne, sun koma 55. Cire gidan 1, 2, 5 da 10, waɗanda kuɗi da yatsu suka riga suka koya masa, saura 21. Gidan tara yana hannunsa: ya buɗe yatsu goma, don 9 × 7 ya lanƙwasa na bakwai daga hagu, shida a hagunsa, uku a damansa, 63. Saura 15. Gidan 11 da 12 su jira sai waɗannan sun zauna. Rera jadawali daga sama zuwa ƙasa kullum yana sa yaro ya kasa faɗin 6 × 8 sai ya faro daga 6 × 1, saboda haka da zarar ya iya jerin, a riƙa tambayarsa a tsallake.

A nan ne katunan suke da amfani, don suna wargaza jerin. Amma kwali guda a hannun yaro lokaci ɗaya yawa ne. Kati biyar a rana ya isa, uku da ya sani, biyu sababbi. Kuma ya fi kyau a gyara su. A bayan katin 6 × 7, ƙarƙashin 42, a rubuta da maka: shida sau bakwai, bakwai sau shida, raba 42 gida shida, kasa 42 bakwai-bakwai. Wanda ba shi da halin saya ya yanka kwalin taliya mai kusurwa uku, kowane gefe santimita 10, ya rubuta 42 a kusurwar sama, 6 da 7 a na ƙasa. Uba ko yaya ya rufe kusurwa ɗaya da babban yatsa. Ya rufe ta sama, tambayar sau ce, ya rufe ta ƙasa, rabawa ce. Guda 21 kawai ake bukata, kuma a ganinmu sun fi na kasuwa aiki, don na kasuwa sun raba ninkawa da rabawa kwali daban-daban kamar ba su da dangantaka.

Ga aji mai yara sittin, a kasa su shida-shida, rukuni goma. Kowane rukuni ƙwallon dabino ko murfin kwalba 30, duka 300, da wasu 50 a ajiye don waɗanda za su ɓata. Kada a kawo gyaɗa ko wake, gyaɗa za a cinye, wake kuma ƙanana suna sa shi a hanci ko kunne. Idan darasin minti 30 ne, goma na farko hannu ne kawai, malam yana ba da labari yara suna kasawa. Biyar na gaba baki ne, kowane rukuni ya faɗi cikakkiyar jimla, "biyar-biyar, kashi huɗu, biyar sau huɗu ashirin", ba "ashirin" kaɗai ba. Goma na rubutu da alama. Biyar na ƙarshe ne na fasta, yaro ya tashi ya nemo abin da ya kasa da hannunsa a jikinta. Idan aka fara da fastar, sauran matakan ba sa samun wuri.

Turanci dole ne ya shigo. Manufar ilimi ta ƙasa a bugun 2004 da na 2013 ta tanadi a koyar da harshen yankin a shekaru uku na farko, Turanci ya riƙa karɓa daga aji huɗu. An yi ta kai-komo a kan batun a 'yan shekarun nan, amma jarrabawar shiga sakandaren tarayya da NECO ke shiryawa da Turanci take zuwa. Hanyar da ke aiki ita ce kalma ɗaya a lokaci guda, bayan yaro ya riga ya yi abin da hannu kuma ya faɗe shi da Hausa. Shida sun ishi ɗan aji uku: "times", "divide", "share", "each", "altogether" da "remainder". Manyan sunaye irin su "product" da "quotient" su jira aji huɗu ko biyar, a fara kiran su amsar sau da rabon kowa. A kula da kunne kuma. A rerawar aji, fotin da foti, fiftin da fifti, sistin da sisti duk sauti ɗaya suke fita, yaro ya rera 4 × 4 daidai ya rubuta 60. Sha shida da sittin ba sa rikicewa a Hausa, saboda haka bayan kowace amsa ta Turanci a sa shi ya maimaita da Hausa. A Kamba, Yauri ko Zuru, inda wasu yaran Zabarmanci, Fulatanci, Kambarci ko Dakarci suke yi a gida, a tambaye su yadda ake cewa "sau uku" da "saura" a harshensu kafin a ɗora Hausar.

Ga 'yan aji biyar da shida akwai kalmomin da suke ji a Islamiyya a babin gado: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da tumuni. Rabawa ce gida 2, 3, 4, 6 da 8. Kiret ɗin lemo mai kwalba 24 yana rabuwa da dukansu ba saura, 12, 8, 6, 4 da 3, kuma 24 tana cikin lambobin da malaman gado suke kafa mas'ala a kansu saboda wannan dalili.

A shago, kafin ka biya, ka ce, "Alhaji, a sauko min da ita in duba." Akan ci karo da kuskuren bugu a irin waɗannan fastoci, kuma kuskure ɗaya a bango zai shiga kan yaro har shekara. Duba wuraren da aka fi musanyawa: 6 × 9 ya zama 54, 7 × 8 ya zama 56, 7 × 9 ya zama 63, 8 × 8 ya zama 64, 11 × 12 ya zama 132. Zaɓi mai baƙin rubutu a kan fari ko launi mai haske, ka bar mai farin rubutu a kan rawaya ko mai hotunan da suka cinye rabin fili. Shafa gefenta ka ji ko ledar ta kama ko'ina, don inda ta buɗe nan damina za ta shiga. Ja da baya taku biyar ka gwada karanta gidan bakwai. Katunan kuma ka ƙirga su ka tabbatar babu gidan da aka tsallake, sannan ka ɗaga ɗaya ga hasken ƙofa. Idan amsar baya tana fitowa ta gaba, yaro zai karanta ta ne maimakon ya tuna, sai ka nemi mai kaurin takarda.